Layi biyu zuwa gajimare, ɗaya ya cika ɗaya na zaune: yaya za a raba musu kaya?

Tambaya: Muna da layi biyu na Direct Connect, wato keɓaɓɓen layin haɗi da ba ya bi ta intanet, kowanne gigabit 1, daga ɗakin sabobinmu zuwa AWS, gajimaren kamfanin Amazon inda ake hayar sabobi. Kowane layi yana kan rautarsa, wato na'urar da ke zaɓa wa bayanai hanya. BGP kuma, ƙa'idar da rautoci ke shelanta wa juna hanyoyi da ita, a tsaye yake a duka biyun. Amma layin farko ne ke ɗaukar kusan komai. Da dare idan an fara tura kwafin ajiya sai ya cika har sauran ayyuka su riƙa tsayawa, na biyun kuwa kusan babu abin da ke bi ta kansa. Yaya za mu yi su raba kayan daidai wa daida?

Amsa: Malam, kafin ka taɓa saitin ko da rauta ɗaya, koma kan jadawalin da ke nuna maka cikar layin ka duba abu guda: ta wane ɓangare ya cika? Kowane layi hanya biyu ce, ta fita da ta shiga, kuma ba wuri ɗaya ake yanke hukunci a kansu ba. Abin da ya tashi daga ɗakin sabobinku zuwa gajimare, rautocinku ne ke zaɓa masa hanya. Abin da ya taso daga gajimare zuwa gare ku, na'urorin AWS ne ke zaɓa, ku iyakarku ku faɗa musu abin da kuke so ta BGP, su kuma su auna shi da nasu dokokin. Na sha ganin injiniya ya kwana yana gyara abin da yake shelanta wa gajimare, alhali cunkoson nasa na fita ne, wanda wannan gyaran bai shafe shi ba ko kaɗan.

Tunda ka ce kwafin ajiya ne ke cika layin, to cunkosonku na fita ne, kuma maganinsa yana cikin gidanku.

Ga abin da nake kyautata zaton yana faruwa, domin shi ne na fi cin karo da shi a irin tsarin da ka bayyana. Rautocin nan biyu suna raba adireshin ƙofar fita guda ta hanyar VRRP ko HSRP. A kowane lokaci ɗaya ce ke riƙe da adireshin, ɗayar tana jira. Duk abin da sabobinku suka aika, hannun mai riƙe da adireshin yake faɗawa. Ita kuma tana da hanya biyu zuwa gajimare: wadda ta koya kai tsaye daga AWS ta eBGP, da wadda 'yar'uwarta ta faɗa mata ta iBGP. A dokar BGP, idan sauran ma'aunai sun yi kunnen doki, hanyar eBGP ce ke gaba. Saboda haka sai ta tura komai ta layinta, kuma a ganinta daidai ta yi. Babu abin da ya lalace. An tsara BGP ne don ya fitar da hanya ɗaya mafi kyau zuwa kowane rukunin adireshi, raba kaya kuwa sai an umarce shi.

Mutane da yawa a nan sai su garzaya su rubuta `maximum-paths 2` a kan rautocin biyu, su jira canji, shiru. Dalili shi ne wannan umarni yana haɗa hanyoyi masu daraja ɗaya ne, ita kuwa kowace rauta hanyar eBGP ɗaya tak gare ta. Wurin da ya kamata a yi rabon shi ne taki ɗaya a baya, a manyan na'urorin tsakiya da sabobin ke rataye a jikinsu. Ka sa su koyi hanyoyin gajimare daga rautocin biyu da farashi iri ɗaya, ko ta OSPF, ƙa'idar koyon hanyoyi ta cikin gida, ko ta BGP, sannan ka kunna musu ECMP, wato amfani da hanyoyi masu daidai farashi a lokaci guda. Idan hanyoyin biyu sun zo da jerin lambobin AS, wato lambobin cibiyoyin sadarwar da hanyar ta ratsa, masu tsawo ɗaya amma lambobin sun bambanta, Cisco ba za ta haɗa su ba sai ka ƙara `bgp bestpath as-path multipath-relax`. A Juniper kuma bayan `multipath` sai ka sa wa teburin turawa dokar `load-balance per-packet`, in ba haka ba hanya ɗaya za ta ci gaba da amfani da ita. Kada sunan ya firgita ka, a na'urorinsu na yanzu ba fakiti-fakiti, wato ƙunshi-ƙunshin bayanai, take rabawa ba.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi muhimmanci ka fahimta, domin ko ka yi duk abin da na faɗa a sama, mai yiwuwa gobe da dare layi ɗaya ya sake cika.

ECMP ba ya auna nauyin kaya. Abin da yake yi shi ne ya ɗauki abubuwa biyar daga kan fakiti: adireshin mai aikawa, adireshin mai karɓa, nau'in sadarwar, ko TCP ce ko UDP, da lambobin ƙofa biyu na kowane ɓangare. Sai ya yi wani lissafi da su ya fitar da lamba, lambar ce ke cewa layi na ɗaya ko na biyu. Duk fakitocin da suka yi tarayya a waɗannan abubuwa biyar ni ina kiransu ayari guda, kuma ayari ba ya rabuwa: hanyar da na gaba ya bi, ita na baya zai bi. Da gangan aka yi haka. Idan aka watsa fakitocin ayari ɗaya a layi biyu, wani zai riga wani isa, ita kuwa TCP idan ta ga amsa iri ɗaya ta maimaitu sau 3 sai ta ɗauka fakiti ya ɓata, ta sake aikawa, ta kuma rage gudu. Sai a wayi gari an kashe kuɗin layi biyu ana samun abin da bai kai na ɗaya ba.

To yanzu duba kwafin ajiyarku. Idan manhajar da ke tura shi haɗi ɗaya take buɗewa, kamar yadda rsync ke yi a kan SSH, to ayari ɗaya ne komai girmansa, kuma ba zai taɓa wuce gigabit 1 ba ko da layi goma gare ku. Idan haɗi biyu ne, rabi da rabi ne su faɗa layi ɗaya. Idan huɗu ne, yiwuwar duk su taru wuri guda ta ragu zuwa 1 cikin 8. Sai ayarin sun yi yawa, kuma girmansu ya yi kusa da juna, rabon ke fara kama da daidai. Shi ya sa da rana, lokacin da dubban ƙananan haɗe-haɗe ke kai da komo, za ka ga layukan sun kusa yin kai ɗaya, da dare kuma su karkace. Maganin wannan ba a rauta yake ba, a manhajar ajiyar yake: ka sa ta buɗe haɗi 8 ko 16 a lokaci guda, ko ka raba aikin gida-gida ya tashi daga sabobi daban-daban. Kana iya gwadawa tun kafin dare da `iperf3 -P 16`, ka zuba ido a kan layukan biyu.

Ka kuma tabbatar lissafin na'urarku yana haɗawa da lambobin ƙofa. Wasu na'urorin, a saitinsu na asali, adireshi biyu kawai suke dubawa, don haka haɗi 16 tsakanin saba ɗaya da wata saba ɗaya duk layi guda za su bi. A Cisco IOS akwai `ip cef load-sharing algorithm include-ports`, a Linux kuma `fib_multipath_hash_policy` sai an mayar da shi 1. Haka nan idan kun lulluɓe zirga-zirgar da IPsec a kan layin, rautar da ke waje ba ta ganin abin da ke ciki. Bututu ɗaya take gani, wato ayari ɗaya. Mai son rabo a nan sai ya gina bututu fiye da ɗaya ya yi ECMP a tsakaninsu.

Ɓangaren dawowa kuwa, kowane kamfani da irin kunnen da yake sauraro da shi. Abu ɗaya dai ya game su duka, kuma yana gaban duk wani ma'aunin BGP: rukunin adireshin da ya fi ƙanƙanta shi ke cin nasara. Wanda ya shelanta /24, ƙaramin rukuni, ya doke wanda ya shelanta /16, babban rukuni, ko me aka rataya wa /16 ɗin. Bayan wannan, AWS tana duba tambarin fifiko da ka liƙa wa hanyar: 7224:7100 na ƙasa, 7224:7200 na tsakiya, 7224:7300 na sama. Sai ta duba tsawon AS_PATH, wato jerin lambobin AS ɗin nan, sai MED, wata lambar fifiko da mai shelanta hanya ke sawa, idan duk sun yi daidai ta raba kaya da ECMP. Akwai tarko a nan. Idan layukanku biyu suna sauka a wurare biyu da ke ƙarƙashin yankunan AWS daban-daban, kuma ba ka liƙa tambari ba, AWS za ta fifita wanda ke yankin da kayan suka taso. Tunda wannan fifiko yana gaban AS_PATH, ko sau nawa ka maimaita lambar AS ɗinka don tsawaita hanya ba zai yi tasiri ba. In kana son su yi aiki tare, liƙa wa hanyoyin tambari iri ɗaya a layukan biyu, misali 7224:7200.

Ga masu Azure, gajimaren Microsoft, kowace da'irar ExpressRoute, takwarar Direct Connect a can, da ma haɗi biyu take zuwa da su, zuwa rautocin Microsoft biyu masu lambar AS 12076, kuma an gina su ne su yi aiki tare. Tsakanin da'ira da da'ira kuma ana karkatar da kaya da nauyin da ake sa wa haɗin a ƙofar VNet, wato keɓaɓɓiyar cibiyar sadarwarku a cikin Azure, ko da tsawaita AS_PATH. Cloud Router na Google kuwa MED yake karantawa a matsayin fifiko, ƙaramar lamba ce ke gaba, masu lamba ɗaya kuma su raba.

Yanzu ga inda nake son ka tsaya ka yi tunani sosai, domin nan ne gyara ke zama ɓarna. Da zarar ECMP ya fara aiki ta ɓangarorin biyu, ku kuna lissafinku, AWS tana nata, kuma babu wanda ke shawartar wani. Kusan rabin ayarinku za su fita ta layi ɗaya su dawo ta ɗayan. Rauta ba ruwanta da wannan. Katangar tsaro kuwa, wato firewall, irin mai riƙe tarihin kowane haɗi, da ruwanta. Idan kowane layi da tasa katangar, ta farko za ta ga buƙatar buɗe haɗi ta fita, ta biyu kuma ta ga amsa ta shigo ba tare da ta san an yi tambaya ba, sai ta jefar da ita. Alamar wannan cuta tana da ruɗarwa: mai amfani zai ce shafi ya ƙi buɗewa, ya sake gwadawa ya buɗe, domin a gwaji na biyu lambar ƙofa ta canza, lissafin ya faɗa wani layin. Na taɓa bin irin wannan ƙorafi kwana da kwanaki a wani wurin aiki, muna zargin manhaja, muna zargin DNS, sai da muka ɗauki fakitoci a katangun biyu a lokaci guda muka jera su gefe da gefe sannan gaskiya ta fito. Tun daga ranar, tambayata ta farko ga duk mai son kunna layi biyu ita ce: ina katangarka take zaune?

Wurin da ya dace da ita shi ne bayan mahaɗar layukan, inda duk abin da ya shiga ko ya fita dole ya ratsa ta gungu ɗaya, ko kuma katangu biyun su zama masu musayar tarihin haɗi a tsakaninsu nan take. Ka duba uRPF ma, wato binciken da rauta ke yi ko fakiti ya shigo ta ƙofar da ta dace da adireshin mai aiko shi. Idan yana kan tsattsauran saiti a bakin layukan, zai iya watsar da fakitin da ya shigo ta ƙofar da rautar ba ta zata ba. A irin wannan wuri saitin sassauci ake sawa.

Akwai wata dabara da ake yawan ba da shawararta, ta raba adireshi da hannu. A ce adireshinku 10.20.0.0/16 ne. Sai ka shelanta shi gaba ɗaya a layukan biyu, ka ƙara 10.20.0.0/17 a na farko kaɗai, 10.20.128.0/17 a na biyu kaɗai. Kowane rabi zai riƙa karɓar kayansa ta layinsa, idan layi ya faɗi kuma babban rukunin ya tare gurbin. Dabarar tana aiki, kuma ina son ta saboda mutum yana iya faɗin inda kowane fakiti zai shigo ba tare da zato ba. Sai dai ka lura, shigowa kawai ta gyara. Rauta tana zaɓar hanyar fita ne da adireshin inda za a je, ba inda aka fito ba, don haka saba da ke rabi na biyu za ta iya fita ta layin farko amsarta ta dawo ta na biyu. Dabarar ta fi dacewa da mai ɗakin sabobi biyu a wurare biyu, kowane rabi yana bayan rautarsa. Ka kuma riƙa ƙirga abin da kake shelantawa: AWS tana karɓar hanyoyi 100 ne a kowane zaman BGP na haɗin sirri, idan ka zarce zaman ne gaba ɗaya zai faɗi.

Kada kuma wani ya ce maka ku ɗaure layukan biyu su zama LAG, wato layi ɗaya a idon na'ura, a huta. Shi ma ayari-ayari yake rabawa, sannan a AWS duk layukan da ke cikin LAG ɗaya na'ura ɗaya suke sauka a can ɓangarensu. Idan ta tsaya, duka sun tsaya.

To amma bari in tambaye ka abin da ba ka tambaya ba: don me kuka sayi layi na biyun? Idan don ya tsaya muku ne ranar da na farko ya faɗi, to akwai haɗari a cikin abin da kake nema. A ce gyara ya yi kyau, kowane layi yana ɗaukar megabit 700 da dare. Kowa zai ji daɗi, jadawali zai yi kyan gani. Amma jimillar kayanku ta zama gigabit 1.4, kuma ranar da aka tsinke waya ɗaya za a tura wannan duka cikin layin gigabit 1. Ba kwafin ajiya kaɗai zai wahala ba, har kiran murya da ma'ajiyar bayanai da duk abin da ke bin hanyar. A zahiri kun daina zama masu layin ko-ta-kwana tun ranar da jimillar ta haura ƙarfin layi ɗaya, sai dai babu ƙararrawar da ta buga, domin kowane layi a karan kansa kashi 70 cikin 100 yake nunawa. Saboda haka ma'aunin da za ka sa wa ido shi ne jimillar layukan biyu, ta kowane ɓangare, a gwada ta da ƙarfin layi ɗaya. Ni nakan sa gargaɗi tun jimillar tana kashi 80 cikin 100 na layi guda.

Idan kun yarda ku haura wannan iyaka da dare saboda ajiya, ba laifi ba ne, muddin da saninku kuka yi. Ka ware zirga-zirgar ajiyar a matsayi na ƙasa a jerin gwanon fita na rautocinku, yadda idan wuri ya ƙure ita za a fara matsewa. Ajiya tana jure jinkiri, kiran murya ba ya jurewa.

Shawarata a taƙaice ga halin da kuke ciki ta dogara ne da katangar nan. Idan tana bayan mahaɗa, ku kunna layukan biyu: ECMP a na'urorin tsakiya, tambari iri ɗaya zuwa AWS, manhajar ajiya mai haɗi da yawa. Idan kowane layi da tasa katangar kuma ba za ku iya sauya wannan yanzu ba, ku bar ɗaya yana aiki ɗaya yana jira, amma ku yi shi da niyya ta ɓangarorin biyu: 7224:7300 a layin farko da 7224:7100 a na biyu don shigowa, LOCAL_PREF, wato lambar fifikon da rautocinku ke bai wa hanya, mai girma, misali 200 a kan 100 na asali, ga hanyoyin layin farko don fita. Sannan ku keɓe rukunin adireshin sabobin ajiya, na nan da na can, ku juya musu fifikon su bi layi na biyu zuwa da dawowa. Da haka ajiya ta samu layinta ita kaɗai, sauran ayyuka sun huta, kowane haɗi kuma katanga ɗaya yake ratsawa. Sau da yawa wannan ya fi ECMP biyan buƙata, domin matsalarku ba rashin daidaito ba ce, babban ayari ɗaya ne ke danne ƙanana.

Ko wanne kuka zaɓa, ku kunna BFD, wato hanyar gano mutuwar layi da sauri. Layi yakan mutu a tsakiyar hanya alhali fitilar ƙofar rautarku tana kore, musamman idan akwai na'urorin kamfanin sadarwa a tsakani. BGP ba zai gane ba sai lokacin jiransa ya ƙare, wanda a Direct Connect daƙiƙa 90 ne a saitin asali, a ExpressRoute kuma yana kai 180. Duk tsawon wannan lokaci ana zuba kaya a rami. BFD a ɓangaren AWS yana aika gaisuwa kowace milidaƙiƙa 300, idan uku suka wuce babu amsa ya sanar da BGP, wato ƙasa da daƙiƙa ɗaya. A can a kunne yake, naku ɓangaren ne ke jiran saiti.

Idan kuna da VPN ta intanet a matsayin mafita ta uku, ku shelanta rukunin adireshi iri ɗaya da na Direct Connect, ko wanda ya fi shi faɗi. AWS tana fifita Direct Connect idan rukunin ɗaya ne, amma idan wani ya shelanta ƙaramin rukuni ta VPN, kayan za su bar layinku mai tsada su koma bututun da a tsarin da aka saba bai wuce gigabit 1.25 ba. Girman fakiti ma ya bambanta: Direct Connect na iya ɗaukar har bayit 9001 a haɗin sirri, bututun VPN kuwa bai kai 1500 ba, don haka a rage MSS, wato iyakar girman bayanan da TCP ke sawa a fakiti ɗaya, a bakin bututun tun yanzu.

Abu na ƙarshe ba a allon kwamfuta ake ganinsa ba. Ka nemi taswirar inda wayoyin biyu suka bi daga kamfanonin da suka ja muku su. Kamfani biyu daban suna iya haya a bututun ƙasa ɗaya, ko su shiga gininku ta rami ɗaya, kuma haƙa ɗaya ta ishe su. Bayan haka ka sa rana ka kashe layi da hannunka, ba a fafa gora ranar tafiya. AWS tana da kayan gwaji a shafin Direct Connect da ke saukar da zaman BGP na ɗan lokacin da ka zaɓa, amma ka haɗa da zare wayar kanta, domin faɗuwar biyu ba iri ɗaya ba ce. Ka yi gwajin lokacin da ajiya ke gudana, ka bar haɗin SSH ɗaya a buɗe da `ping` yana tafiya, ka rubuta daƙiƙa nawa aka yi kafin kaya su koma ɗaya layin, ko haɗin SSH ɗin ya tsira, da abin da ya faru lokacin da ka mayar da wayar. Sannan ka maimaita da layi na biyu.